Moto ya ƙone, an ce ba gobara ba ce: wace inshora ce ke biya?

Abu_Sumayya:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana wuta da masu harkar inshora na wannan zaure. A ɗauka masana'antar casar shinkafa ce, tana da inshorar gobara a kan gini da injina, ana biya duk shekara ba fashi. Ana cikin aiki layi ɗaya daga cikin layukan wuta uku ya ɗauke, babban moto mai kilowat 22 ya ci gaba da gurnani har ya yi hayaƙi, koyil ya ƙone ƙurmus. Harshen wuta bai kama komai ba, moton ne kaɗai. Kamfanin inshora zai biya? A nawa ganin, abin da ya ƙone ai gobara ce. In kuwa ba zai biya ba, wace iri ce ke biya, kuma ta ci kuɗinta?

Dillalin_Inshora:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ba zai biya ba, kuma ba zalunci ya yi ba, a rubuce yake. Buɗe takardar inshorar gobara ka je sashen abubuwan da aka cire. Za ka tarar da sharaɗin da ke cewa ba a biyan na'urar lantarki da ta lalace saboda shot, ko tartsatsi, ko zafin kanta, ko nauyin da ya fi ƙarfinta. Amma da a ce tartsatsin moton ya kama ɓuntu, wuta ta ci rufi da buhunan shinkafa, to za a biya rufi da shinkafa da sauran injinan da wutar ta lasa. Shi moton da abin ya taso daga gare shi ne ba ya ciki.

Wadda ke biyan irin wannan ita ce inshorar lalacewar inji, 'yan ofis suna taƙaita sunanta da MB. Sharaɗinta guda ne babba: lalacewar ta zo kwatsam, ba a hango ta ba. Shot, hauhawar wuta, ɗaukewar layi, kuskuren mai aiki, ƙarfe ya faɗa cikin inji, shaf ya karye, duk suna ciki. Ita kuma ta cire gobara da faɗuwar aradu da sata da ambaliya, don waɗannan na wasu takardun ne. Shi ya sa ake ɗaukar su biyun tare, kowace ta toshe ramin da 'yar uwarta ta bari.

Sani_Mai_Ƙanƙara:
Duk labari ne. 'Yan inshora wajen karɓa kamar walƙiya, wajen biya sai ka gaji da sintiri. Gara mutum ya sayi sitabilaiza babba ya huta.

Injiniya_Sharaɗa:
Malam Sani, sitabilaiza ba ta maganin abin da Abu_Sumayya ya kawo. Aikinta ta ɗaga wutar da ta yi ƙasa, ta sauke wadda ta yi sama. Layin da babu shi ba ta da inda za ta samo shi.

Ga abin da ke faruwa. Moto mai layi uku idan yana tsaye layi ɗaya ya ɗauke, ba zai tashi ba, gurnani kawai zai yi. Idan kuwa yana cikin gudu ne, ba ya tsayawa, sai layi biyun da suka rage su ɗauki nauyin uku. Karen ɗin, wato yawan wutar da ke bin su, ya kan hau kusan ninki 1.7 ko fiye. Moto mai kilowat 22 a kan volt 400 yana jan kusan amp 41 in an cika masa kaya, to ka ga ya koma saba'in da wani abu a cikin wayar da ba a naɗa ta don haka ba. Mintuna kaɗan fentin da ke jikin wayar koyil ya dahu.

Abin da ke tare wannan ɗan ƙaramin rile ne mai gadin layi, bai fi tafin hannu ba, kuɗinsa kashi kaɗan ne na kuɗin riwayin, wato sake naɗa koyil. Ana ba shi layukan uku, sannan a bi da wayar koyil ɗin kontakta ta cikinsa (kontakta ita ce makunnin da ke haɗa moto da wuta). Layi ya ɗauke, ko an juya jerin layi, ko wuta ta fita daga iyaka, sai ya saki kontakta. Ga moton da aka rubuta masa volt 400, a sa ƙasa 360, sama 440, jinkirin yankewa daƙiƙa uku zuwa biyar don kada ya riƙa tsinkewa a kan ɗan girgiza. Kuma a gwada shi: a kashe komai, a zare fis ɗaya, a maido da wuta, a danna maɓallin tashi. In kontakta ta kama, rilen nan ado ne.

Mai_Wayarin_Zariya:
Injiniya, ai obalod, mai yanke wuta in nauyi ya yi yawa, shi ma ya isa ya yanke a wannan hali, tunda karen ya hau.

Injiniya_Sharaɗa:
Zai yanke idan an saita shi daidai, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Yawancin fanel ɗin sita-delta (hanyoyi biyu ne na haɗa koyil ɗin moto) obalod yana ƙarƙashin babbar kontakta ne, wato karen ɗin koyil yake gani, ba na layi ba. A wannan wuri ana saita shi a kashi 58 cikin ɗari na abin da ke rubuce a farantin moto. Ga amp 41, kusan 24 ke nan. Wanda bai sani ba sai ya murɗa shi zuwa 41, ko ya kai shi ƙarshe don ya daina damun sa da yankewa. Daga ranar moton ba shi da mai gadi. Sannan idan moton rabin kaya yake ja, layi na iya ɗaukewa karen bai kai inda aka saita ba, amma koyil ɗaya yana soyuwa a ciki. Saboda haka obalod daban, mai gadin layi daban, ba mai maye gurbin wani.

Riwayin_Ƙofar_Ruwa:
Bari in ƙara abin da masu inji da yawa ba su sani ba, kuma ya shafi biyan diyya kai tsaye. Koyil ɗin da ya ƙone yana faɗin abin da ya kashe shi, mai tantance asara kuma ya iya karantawa.

In layi ne ya ɗauke kuma haɗin sita ne, za ka ga rukuni biyu sun yi baƙi, na ukun yana nan da jan launinsa kamar sabo. In haɗin delta ne, ɗaya ne zai yi baƙi, biyu su tsira. In duk ukun sun yi duhu bai-ɗaya, takardar cikin ramuka ta bushe tana karyewa a hannu, wannan nauyi ne ya yi yawa, ko iska ba ta ratsa shi, kuma ba yau abin ya fara ba. In kuwa wuri ɗaya ne ya fashe kamar an ɗiga masa dalma, galibi kusa da inda wayar layi ke shiga, sauran koyil lafiya lau, to bugun wuta ne mai kaifi. In ka ga gogar ƙarfe a jikin rota mai juyawa da cikin sitato da ke kewaye da ita, boris ne ya fara mutuwa, koyil ya biyo baya.

Bambancin ƙonewar ɗaukewar layi da ta nauyin da ya daɗe shi ne bambancin a biya ka da a hana ka. Don haka kada a yi gaggawar kai moto wurin riwayin a gasa shi a zare waya. Da zarar an zare, shaida ta tafi.

Dillalin_Inshora:
Maganar Malam mai riwayin ita ce rabin rigimar da Malam Sani ke kuka da ita. Matakan ba su da yawa. A kashe injin, kada a sake gwada tayar da shi. A sanar da kamfani a rubuce a ranar, ko da saƙon waya ne a bi shi da wasiƙa. Takardu da yawa sun sa kwana 14 a matsayin iyaka, duba taka. A ɗauki hoton moton a inda yake, da farantin jikinsa, da cikin fanel yadda saitin obalod zai fito. A ajiye duk abin da ya lalace har ajasta, mai tantance asara, ya zo, har da ƙonanniyar wayar, don kuɗin jan ƙarfenta ana cirewa daga diyya. A samo ƙiyasin gyara a rubuce, waya nawa, fenti nawa, boris nawa, aikin hannu nawa.

Abu biyu kuma da ke kayar da mutane tun kafin a zo nan. Na ɗaya, injin da ba a rubuta shi a jadawalin takarda da lambar jikinsa ba, ba ya ciki. In an musanya moto, a sanar a gyara jadawali. Na biyu, ba biya ba kariya. Wannan ƙa'ida ce da aka rubuta a dokar inshora ta 2003, sashe na 50. Wanda takardarsa ta ƙare ranar Litinin ya ce sai ciniki ya shigo ranar Juma'a, kwanakin nan na tsakani a tsirara yake. In an cika duk wannan kamfani ya ƙi biya, NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, tana da sashen karɓar koke, kuma ita ke riƙe da lasisinsu.

Malam_Almajirin_Fiƙihu:
Kafin a yi nisa, akwai batun halasci, don da yawa daga masu karanta wannan shi ne zai tsayar da su. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci mai tsayayyen kuɗi tana da garari, wato rashin tabbas, mai yawa, ba ta halasta ba, sannan ta nuna mafita ita ce inshorar taimakekeniya da aka gina a kan kyauta. Wannan ita ce takaful. Kamfani na farko irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai masu lasisi kamar Jaiz Takaful da Noor Takaful. Abin da ka zuba tabarru'i ne, wato kyauta, a asusun mahalarta, kamfani wakili ne mai ɗaukar ladan kulawa, in an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba.

Dillalin_Inshora:
Allah ya saka, Malam. Abin da zan ƙara kawai: tsarin kuɗin ne ya bambanta, sharuɗɗan injiniyanci iri ɗaya ne. Takaful ɗin gobara ma ba zai biya wannan moton ba. Sai an nemi na lalacewar inji da sunansa.

Hajiya_Kifi_da_Kaji:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren ɗakin sanyi zan tambaya. Kwamfireso ya mutu, kuɗin gyaransa ba shi ne abin tsoro ba, katan-katan ɗin kifi da ke ciki ne. Wannan MB ɗin tana biyan kayan da suka ruɓe?

Dillalin_Inshora:
Hajiya, ba ta biya. Ƙarfe kawai take gani. Kayan ciki suna da tasu takardar, inshorar lalacewar kaya a ɗakin sanyi, kuma yawanci ba a sayar da ita sai injinan sanyin suna ƙarƙashin MB, domin sai lalacewar injin ta zama abin biya sannan kifin ya zama abin biya. Ki kula da abu uku. Akwai sa'o'in da ake rubutawa waɗanda ake ɗauka ɗaki mai kyau zai riƙe sanyi ko inji ya tsaya. Abin da ya lalace a cikinsu ba a biya. Akwai littafin awon sanyi da ake so a riƙa cikawa kullum, da littafin shiga da fitar kaya. Na ukun shi ne mafi ciwo a ƙasar nan: ɗaukewar wutar gari ba lalacewar inji ba ce. Sai an ƙara ta a takarda da ƙarin kuɗi, kuma za a shardanta janaretan ko-ta-kwana mai iya ɗaukar ɗakin. Ƙarewar man dizal ba uzuri ba ne.

Injiniya_Sharaɗa:
Hajiya, a sa wa kwamfireso rilen jinkiri na minti uku zuwa biyar. Abin da ya fi kashe su shi ne a ɗauke wuta a dawo da ita nan take: gas bai daidaita ba, kwamfireso ya tashi a kan matsi, ya ja karen ninki shida ko bakwai ya kasa juyawa. A kuma riƙa wanke kondensa, musamman da hunturu.

Baba_Mai_Taransfoma:
Ana ta maganar moto an manta uwar gida. Duk masana'antar da ke da taransfomarta ta kanta, ita ce kadara mafi tsada da ba wanda ke leƙawa sai ta yi ƙara. Kuma sau da yawa ɗaukewar layi ɗayan nan da aka fara magana a kai daga nan take: fis ɗaya na ɓangaren 11kV ya faɗi, biyu suna riƙe.

Abin dubawa ba shi da wuya. Ƙwayoyin silika da ke cikin kwalbar numfashi shuɗi ne in suna da rai. Sun koma ruwan hoda, sun sha ruwa, a canza ko a gasa su. A duba gejin mai. Sau ɗaya a shekara a ɗebi mai daga ƙasa a kwalba busasshiya a kai gwaji; in ya fashe ƙasa da kilovolt 30 a tazarar milimita biyu da rabi, akwai ruwa ko datti, a tace shi. A auna kowane layi da kilam mita lokacin da duk injina ke aiki. Taransfoma mai kVA 300 iyakarta kusan amp 417 a kowane layi a kan volt 415. Ba jimilla ake dubawa ba, layin da ya fi nauyi ake dubawa. Masu kamun aradu uku da ke kan sanda a tabbatar ba wanda ya tsage, kuma wayar ƙasarsu tana nan, don ɓarayin jan ƙarfe da ita suke farawa.

Sai babban laifi, ɗaura waya a madadin fis. Ajasta ya ga wannan, magana ta ƙare, kuma da gaskiyarsa.

Ɗan_Maraɗi:
Mu nan Nijar lamarin ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. Dokar inshora ta CIMA muke bi tare da sauran ƙasashe masu Faransanci, ita ma ta ce sai an biya kuɗi kariya ke farawa. Kuma tun da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a Agustan 2023 mutane suka koma kan janareta da sola sosai, to ina ganin a taɓo janareta, don shi ma yana ƙona kaya ba kaɗan ba.

Makanikin_Janareta:
Gaskiya ne ɗan uwa. Janareta mai juyi 1,500 a minti shi ke ba da hertz 50. In matatar dizal ta toshe ko kaya ya yi masa yawa, gudu ya sauka, hertz ta sauka, AVR, mai daidaita volt, ya yi ta tura karen cikin rota don ya riƙe volt, ƙarshe ko shi ya ƙone ko ya tafi da koyil. Shi ya sa ba a kashe janareta da kaya a kansa, kuma ba a tayar da shi da kaya a kansa. A sauke bireka, a bar shi ya yi minti uku zuwa biyar ya huce, sannan a kashe. In AVR ya lalace ta ɓangaren sama, volt kan haura nan take ya kwashe duk abin da ke haɗe, don haka rilen gadin layin da Injiniya ya ambata a sa shi bayan canjoba, yadda zai yi gadin wutar gari da ta janareta duka. Canjoba kuma ta zama mai kulle, wadda ba yadda za a yi ɓangarorin biyu su haɗu.

Ta fuskar inshora, janareta yana shiga MB, amma za su nemi littafin sabis. Mai da matata duk awa 250 ga yawancinsu. A rubuta kwanan wata da awar da ke kan mita, a manna rasit. Inji ya kama saboda an bar shi da tsohon mai, wannan sakaci za a kira shi.

Abu_Sumayya:
Na gode ƙwarai, na fahimci ba gobara ba ce. Saura rabin tambayata: nawa ake rubutawa a matsayin darajar injin? Wanda aka saya na hannu shekara shida da suka wuce, kuɗin da aka saye shi za a rubuta?

Dillalin_Inshora:
A'a Alhaji, kuma nan ne aka fi yin asara. A MB ana rubuta kuɗin sabo irinsa a yau, har da dako da kwastan da kuɗin kafawa, ko da naka tsoho ne. In ka rubuta ƙasa da haka, za a yi maka daidai ruwa daidai tsaki. Misali: sabon layin injin yau naira miliyan 40 ne, kai ka rubuta miliyan 10 da ka saya. An yi ɓarnar miliyan 4. Tunda rubu'in daraja ka yi wa inshora, rubu'in ɓarna za a biya, miliyan 1, sannan a cire ekses, wato kason farko da ke kanka a kowace asara. Ka tuna kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Duk wanda bai sabunta adadinsa ba tun lokacin, kashi ɗaya cikin uku na kariya yake riƙe da shi bai sani ba.

Sani_Mai_Ƙanƙara:
To ka ji. Ka biya a kan kuɗin sabo, in ya mutu gaba ɗaya sabo za su ba ka?

Dillalin_Inshora:
Ba za su ba ka sabo ba, Malam Sani, kuma tambayarka tana kan hanya. In ya mutu murus, darajarsa ta ranar da ya mutu ake biya, an cire tsufa. Dalilin da ake lissafi da kuɗin sabo shi ne mafi yawan asara gyara ne, a gyara kuma sababbin kaya ake sawa a farashin yau, kuma galibi ba a cire tsufa a kansu. Na ce galibi, domin wasu takardun suna da ƙarin sharaɗi na cire wani kaso a kan riwayin gwargwadon shekarun koyil. A tambaya kafin a sa hannu. Bel, siba, robar casa, fis, mai da gas ba sa ciki, kayan cinyewa ne.

Akanta_Bompai:
Ni ina tsakanin Malam Sani da Dillali. Ba kowane inji ne ya cancanci inshora ba. Ka jera injinanka, ka tambayi kanka biyu a kan kowanne: in ya mutu, aljihu zai iya gyara shi a sati? Kuma in ya tsaya, aiki duka ya tsaya? Ƙananan motoci na kilowat 3 zuwa 7.5, kuɗin riwayin ɗinsu sau da yawa bai wuce ekses ba, ka ga biyan banza ne. Waɗannan a sayi ɗaya a ajiye a sito a kan katako, a rufe shi, a riƙa juya shaf ɗinsa da hannu duk wata. Taransfoma, babban janareta, na'urar tantance launin shinkafa, tukunyar turara, su ne na inshora. Sannan MB ba ta biyan cinikin da aka rasa a makonnin jiran kaya daga waje. Wannan wata takarda ce ta asarar riba, mai nata kwanakin jira.

Sola_Tudun_Wada:
Na'urar tantance launi da Akanta ya ambata, da inbata, da na'urar hoton ciki ta asibiti, da kwamfutoci, sun fi dacewa da inshorar kayan ilektironik. Ita ta fi faɗi, tana haɗa gobara da sata da ruwa da bugun wuta a takarda ɗaya. Batir da ya gaji dai ba mai biya.

Su waɗannan kayan ba ɗaukewar layi ke kashe su ba, abu biyu ne. Na farko tsinkewar nitiral. In ta saki a sanda ko a fanel, kayan volt 230 da ke layin da ba nauyi za su iya ganin kusan 400. Alamarta fitilun wani ɗaki su yi haske fiye da kima, na wani su dushe. Na biyu bugun aradu da ke biyo waya da damina. Maganinsa abin kamun bugu, SPD, a babban fanel da kuma kusa da na'urar, wayarsa gajera, kada ta wuce rabin mita, da sandar ƙasa da aka auna, ba wadda aka soka aka manta ba. A nan ma sitabilaiza ba ta da amfani, bugun ya wuce kafin ta motsa.

Masu sola kuma a kula da lissafin sanyi. Fanel uku masu volt 49.5 a jere 148.5 ne, a kan caja mai iyakar 150 sai ka ce ya shiga. Amma wannan adadin na zafin digiri 25 ne. Da asubar hunturu a digiri 12 zai haura 153. Kuskuren haɗi ne, mai garanti zai ƙi.

Mai_Wayarin_Zariya:
Tambaya a kan aradu. Dillali ya ce MB ta cire ta, Sola ya ce tana biyo waya. To in ta faɗi can nesa a kan layi ta biyo ta kashe moto, wa zai biya?

Dillalin_Inshora:
Nan ne kamfani biyu ke nuna wa juna yatsa. Faɗuwa kai tsaye a kan gini ko inji ta gobara ce. Wadda ta biyo waya, ya danganta da lafazin takarda, wasu sun sa ta a MB, wasu sun yi shiru. Hanya mafi sauƙi a ɗauki takardun biyu a kamfani ɗaya, kuma a sa su rubuta amsar wannan tambayar.

Lauyan_Unguwa:
Kada a manta da kamfanin rarraba wuta. In laifin daga layinsu ne, akwai hanyar koke: a rubuta wa sashen koke-kokensu, in ba a warware cikin kwanakin aiki 15 ba a kai ofishin sauraron koke na NERC, hukumar kula da wutar lantarki. Wahalar ita ce hujja. Maƙwabta da kayansu suka ƙone a sa'a ɗaya hujja ce mai ƙarfi, haka mita mai ajiye tarihin volt. Wanda inshora ta biya shi kuma ba zai karɓa sau biyu ba, haƙƙin bin diyyar ya koma hannun kamfanin inshorar.

Injiniya_Sharaɗa:
In dawo kan moton Abu_Sumayya, akwai mai kisan da ba ya hayaƙi a rana ɗaya, kuma shi ne ba inshorar da za ta biya. Auna layukan uku. Ka samu 410, 404, 386. Matsakaici 400, mafi nisa 14, wato kashi 3.5. Wannan ɗan bambancin yana ƙara zafin koyil da kusan kashi 25. Duk ƙarin digiri 10 a kan ƙa'ida yana raba rayuwar fentin waya biyu. Ka haɗa da watan Afrilu, ga moto an yi shi don iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, ga ɓuntu da dusa sun cike haƙarƙarinsa, ga murfin fanka ya toshe. A busa shi da iska duk ƙarshen aiki. A ɗaure tamina duk wata uku bayan an kashe wuta, musamman inda alminiyum ya haɗu da jan ƙarfe. A toshe ramukan fanel saboda ɓera da ƙadangare. Moton da ya kwana biyu bai yi aiki ba da damina, a sa masa mega, ma'aunin zurarar wuta, a volt 500 kafin a tayar. Ƙasa da megohm 1, a busar da shi tukuna. A rubuta sakamakon a littafi da kwanan wata, don ranar da ajasta zai ce tsufa ne, littafin nan ne zai amsa masa.

Sani_Mai_Ƙanƙara:
To Injiniya, in mutum ya yi duk wannan, me ya rage da zai biya wa inshora?

Baba_Mai_Taransfoma:
Ranar da wayar 33kV ta faɗo a kan ta 11kV, ko yaron dare ya jefa sifana a cikin fanel. Rile ba ya tare waɗannan.

Hajiya_Kifi_da_Kaji:
Dillali, littafin awon sanyin nan, na hannu ya isa ko sai na'ura mai ajiyewa da kanta? Kuma sau nawa a rana?

Dillalin_Inshora:
Abin da takardarki ta ce shi ne, Hajiya, wasu suna karɓar na hannu safe da rana da dare da sa hannun mai gadi, wasu sai na'ura. Ki sa a rubuta adadin a fili. Abu_Sumayya, kai kuma ka turo hoton shafin abubuwan da aka cire a takardar gobarar, a rufe suna da lamba, mu ga ko an ƙara mata sharaɗin lantarki, don wasu kamfanonin suna ƙarawa da ɗan kuɗi kaɗan.